Kama da wane ba ta wane: yadda za ki koya wa Sinawa kalmomin kamanni da kwaikwayo na Turanci

Malama, na karanta saƙonki, kuma na ji daɗin tambayar. Kin ce kina koya wa wasu Sinawa ma'aikatan wata masana'anta a Sharaɗa Turanci da yamma, sai kika zo kan darasin kamanni da kwaikwayo abu ya cije. Kin rubuta musu *resemble* da *imitate* da *mimic* da *emulate* da *replica* da *counterfeit* a allo, kowa ya duba ƙamus a wayarsa, suka ɗago suka ce miki ai duk kusan abu ɗaya ne. Kina tambaya ta ina za ki ɓullo musu.

A iya abin da ƙamus ya nuna musu, gaskiya suka faɗa. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a Guangzhou, kuma duk ajin da na shiga sai mun tsaya a wannan gaɓa. Ƙamusun da ke wayarsu yana ba su ma'ana, amma ba ya gaya musu hukuncin da kalma take ɗauke da shi. Cikin kalmomin nan wata yabo ce, wata ba'a ce, wata kuwa idan ka jefi mutum da ita ka ce masa ɓarawo ke nan. Ke da kike Bahaushiya wannan bambanci yana kunnenki tun kina yarinya. Kin san ana koyi da magabata, ba a kwaikwayonsu. Kin san yaron da ke kwaikwayon tafiyar malami bayan ya juya baya ba ɗabi'arsa yake son ɗauka ba. Kin san mai sojan gona daban, ɗan wasan kwaikwayo daban, ko da kakin da suka sa iri ɗaya ne. Wannan kunnen naki shi ne jarinki a ajin, ya fi duk jerin kalmomin da za ki rubuta musu.

Amma kada ki fara da manyan kalmomi. Fara da *like*, domin a nan ne gyara ya fi yawa. A Sinanci akwai kalmar *xiàng* 像, wadda aikatau ce mai cin gashin kanta. Basine zai ce *tā hěn xiàng tā bàba*, wato kalma bayan kalma "shi sosai kama babansa". Da ya tashi faɗa da Turanci sai ya ɗora *like* a gurbin *xiàng*, ya ce "he very like his father". Idan aka taɓa gaya masa ana ƙara *s* a ƙarshen aikatau bayan *he*, sai ya gyara da kansa ya ce "he likes his father", ma'ana ta koma yana son babansa. Abin da nake yi shi ne in kawo hoton uba da ɗa, in rubuta jimloli uku a ƙasa: "he looks like his father", fuska ke nan, "he is like his father", hali ke nan, "he likes his father", ƙauna ke nan. Sai in yi ta nuna hotuna suna zaɓa har bakinsu ya saba cewa *like* ta kamanni ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai wani aikatau ya riƙo hannunta. Daga nan *sounds like* da *tastes like* da *feels like* ba sa ba da wahala. Ki kuma sa kunne a kan tambayar "how does he look like", wadda ya kamata ta zama "what does he look like". Za ki ji kuma ana cewa "she looks like his mother", domin a bakin Sinawa wakilin sunan namiji da na mace duk *tā* ne, a rubutu kaɗai suka bambanta. Ki gyara a hankali, wannan yana ɗaukar lokaci.

*Resemble* kuwa ba ta son harafi a bayanta. Ana cewa "she resembles her aunt", babu *to*, babu *with*. Ba a saba sa mata *-ing* ba, kuma ta fi zama a rubutu da bakin likita ko ɗan sanda mai bayyana kamannin wani. A hira ta yau da kullum Bature *looks like* yake cewa. A nan zan ja hankalinki, ƙanwata, kan namu Turancin. Mu a Najeriya muna yawan amfani da *resemble* a hira, kuma muna cewa "same with" da "similar with", ƙila saboda a Hausa "daidai da" da "kama da" muke cewa. Su ma Sinawa kuskurensu ke nan, saboda suna cewa *gēn tā yíyàng*, kuma *gēn* ɗin nan "da" take nufi. Idan malama da ɗalibi suna da rauni a wuri ɗaya, kuskuren zai wuce ba wanda ya ji. Ki rubuta a gefen allo, ki bar shi har ƙarshen zango: *the same as*, *similar to*, *identical to*.

*Alike* tana zuwa a ƙarshe, bayan an ambaci abubuwan biyu: "the two sisters look alike". Ba a cewa "alike sisters". A kan wannan kalma nake ɗaukar minti biyu in yi wata magana da ba ta nahawu ba. Jimlar "you all look alike" tana ɓata rai a ko'ina. Na ji an faɗa mini ita a Sin, na kuma ji 'yan uwanmu suna faɗa wa Sinawa ita a Kano. Ki gaya musu a fili cewa nahawunta daidai ne amma ba a faɗarta.

*Take after* ta 'yan gida ce kawai, kuma daga ƙarami zuwa babba take tafiya. Ɗa ya biyo ubansa ko kawunsa ko kakarsa, a fuska ko a hali. Uba ba ya biyo ɗansa, aboki ba ya biyo aboki. Mutanen arewacin Sin suna da *suí* 随 mai wannan aiki daidai, suna cewa yaron nan ya *suí* babansa. Idan akwai ɗan arewacin Sin a ajinki, ki ambata, za ki ga ya gyaɗa kai ya bayyana wa sauran.

Salon magana na kamanni su ne ɗalibai suka fi so, kuma ni ma a nan nake jin daɗin aji, domin harsunan uku suna haɗuwa a wurare masu ban mamaki. Bature yana cewa "he is the spitting image of his father", daga tsohuwar magana *spit and image*. Mu muna cewa kamar ya yi kaki ya tofar. Ranar da na fara fassara wa ɗalibaina wannan magana tamu, sun sa na maimaita ta sau uku suna rubutawa. Su nasu shi ne *yì mú yí yàng* 一模一样, kuma *mú* ɗin nan mazubi ne, irin wanda ake buga bulo da shi. Suna ma cewa kamar daga mazubi ɗaya aka fito da su. "Like two peas in a pod", ƙwayar wake biyu a kwanso ɗaya, ita ce kamar an tsaga kara. *Dead ringer* daga sukuwar dawaki ta Amurka ta fito a ƙarshen ƙarni na 19: *ringer* shi ne dokin da ake musanyawa da wani mai kama da shi don a cuci masu caca, *dead* kuma a nan "sak" take nufi, babu ruwanta da mutuwa. Ki faɗa musu haka tun da wuri, don Sinawa suna ƙyamar ambaton mutuwa a kan mai rai, kuma harafin da ke binta *for* ne, ba *of* ba. *Carbon copy* kuwa ba ta buƙatar dogon bayani, ki ɗauko littafin rasit mai takardar kabon ki rubuta a gabansu, sannan ki nuna musu cewa *cc* ɗin da suke gani kullum a saƙon imel daga nan ya samo asali. Ki dai gargaɗe su cewa waɗannan na hira ne, ba a sa su a wasiƙar aiki.

Yanzu ga wadda ta shafi kuɗi, kuma tunda ɗalibanki ma'aikatan masana'anta ne, ita ce ta fi kowace muhimmanci a gare su. *Similar* ba *identical* ba ce. Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya taɓa zuwa wurina a Guangzhou ransa a ɓace. Ya kai samfurin yadi, an yi ciniki, kaya suka fito launin ya ɗan sauka kuma yadin bai kai nauyin samfurin ba. Da muka duba takardar yarjejeniya sai ga "similar to sample" a rubuce. Yarinyar da ta rubuta ba da niyyar cuta ta yi ba, a wurinta kalmar tana nufin an yi shi kamar samfurin. Shi kuma ya sa hannu yana jin an ce masa sak. Babu wanda ya iya kama wani, asara ta tabbata a kansa. Sinawa suna da wata kalma da ba ta barin bakinsu, *chàbuduō* 差不多, wato bambancin ba yawa, kusan ɗaya ne. Ki nuna musu matakan a jere da yadi na gaske a hannu: *similar* kama ce kawai, *almost identical* sai an ƙura ido, *identical* babu bambanci ko kaɗan. Ki ƙara musu *match*, domin ita ce kalmar aiki: "the colour must match the sample".

Sai kwaikwayo. Kalmar da ƙamus yake ba su ita ce *mófǎng* 模仿, kuma ita yake bayarwa a kan *imitate* da *mimic* da *ape*, wani lokaci har da *emulate* da *copy*. Hanyar da na ga tana aiki ita ce in hana su tambayar "me take nufi", in sa su tambayi "me mai yin yake nema". *Imitate* ita ce ta tsakiya, ba yabo ba zagi: yaro yana *imitate* iyayensa, haka yake koyon magana. *Mimic* kwaikwayon murya da motsi ne filla-filla, sau da yawa don a yi dariya, kuma masana halittu suna amfani da ita ga ƙwaron da ya ɗauki kamannin wani mai dafi don tsuntsu ya ƙyale shi, abin da Henry Walter Bates ya bayyana a 1862 bayan ya yi nazarin malam-buɗe-littafi a dajin Amazon. Ki lura musu da rubutunta, *mimicked* da *mimicking*, ana ƙara *k*. *Emulate* ita ce koyi: ka ga wanda ya burge ka, kana so ka kai inda ya kai ko ka wuce, domin asalinta a Latin gasa take nufi. Ɗalibi Basine mai son faɗin wannan yakan ce "I want to study my manager" ko "I want to learn him", saboda *xué* 学 tasu ta haɗa koyo da kwaikwayo. Da ita ake cewa an koyi lissafi, da ita kuma ake cewa yaro yana kwaikwayon haushin kare. Ki ba shi "learn from" don hira, *emulate* don rubutu.

*Impersonate* shiga rigar wani ce gaba ɗaya. A dandamali sana'a ce, a titi da kakin ɗan sanda laifi ne, sojan gona ke nan, su kuma suna cewa *màochōng*. *Parrot* suna ganewa nan take, don suna da karin magana a kan aku mai maimaita abin da bai fahimta ba. *Ape* kuwa ina koyar da ita ne don su gane ta idan sun gani a rubutu, amma ina ce musu kada su faɗa wa kowa. Raini ne a cikinta tun asali, ga shi kuma sunan goggon biri ne, kuma suna zaune a ƙasar baƙar fata inda aka daɗe ana cin mutuncin mutane da wannan kwatance. Wanda ya ga ƙamus ya ce masa *mófǎng* ce kawai zai iya jawo wa kansa fitinar da bai san mafarinta ba.

Idan kina so su saki jiki su yi magana, ki tambaye su labarin *Hándān xué bù*. Kowane Basine da ya yi makaranta ya san shi, daga littafin Zhuangzi yake: wani saurayi daga ƙasar Yan ya tafi birnin Handan don ya koyi irin tafiyar mutanen garin, bai iya ba, ya kuma manta tasa, da rarrafe ya koma gida. Ki sa su ba ki labarin da Turanci, sannan ki tambaye su wace kalma ta dace da saurayin. Za su yi gardama tsakanin *imitate* da *emulate* da *ape*, kuma gardamar nan ita ce darasin.

Akwai wata magana da ake yawan yi wadda ba na so ki shiga ajin da ita, wai Sinawa ba su ɗauki kwafar aikin wani a bakin komai ba. Abin ba haka yake ba. Suna da *línmó* 临摹, wato ɗalibi ya zauna gaban rubutun gwani yana kwafa da alƙalamin gashi shekara da shekaru har hannunsa ya faɗa, kusan yadda almajiri yake bin rubutun malaminsa a allo. Rubutun hannu da ya fi kowane shahara a tarihinsu, wanda Wang Xizhi ya yi a shekarar 353, na asalin ya ɓace tuntuni, ta kwafin da gwanaye suka yi a zamanin daular Tang aka san shi, kuma kwafin nan abin girmamawa ne. Suna kuma da *chāoxí* 抄袭, satar rubutun wani ka ce naka ne, wadda abin kunya ce a wurinsu kamar yadda take a ko'ina. Matsalar ita ce duka biyun da *copy* suke fassara su. Ki ba su *plagiarise* don ta biyun, ki gaya musu asalinta a Latin mai satar mutane ne, za su ji nauyinta.

Wannan rabon shi ne zai taimake ki a kan sunayen kaya. Tambaya ɗaya ce: an ɓoye wa mai saye ko ba a ɓoye ba? Mutum-mutumin sojojin yumɓu da aka tono kusa da Xi'an a 1974, ƙananan da ake sayar wa baƙi a bakin gidan tarihi *replica* ne, kowa ya san ba na asali ba ne. A ƙauyen Dafen da ke Shenzhen masu zane suna kwafar shahararrun zane-zanen Turai da fenti suna sayarwa a matsayin kwafi, wannan *reproduction* ne. Ranar da wani ya ɗauki ɗaya ya ce na asali ne don ya karɓi kuɗin na asali, ya zama *forgery*. Zanen bai canja ba, abin da aka gaya wa mai saye ne ya canja. *Forge* ta fi tafiya da sa hannu da takardun shaida da zane, *counterfeit* da kuɗi da magani da kaya masu tambarin kamfani, *pirated* da fim da littafi da manhajar kwamfuta, wato satar fasaha. *Duplicate* ta makulli da rasit ce, babu laifi a cikinta. *Clone*, wato halittar da masana kimiyya suka samar a matsayin kwafin wata sak, sun riga sun are ta, *kèlóng* suke cewa, kuma za su tuna miki da tunkiya Dolly da aka haifa a Scotland a 1996 da birai biyu Zhong Zhong da Hua Hua da aka sanar a Shanghai a 2018.

Za su tambaye ki *shānzhài* 山寨. Asalin kalmar sansanin 'yan tawaye ne a kan dutse, inda hannun hukuma ba ya kaiwa, sai ta bazu wajen 2008 a kan wayoyin da ƙananan masana'antun Shenzhen suke yi masu kama da na manyan kamfanoni. Mafi kusa da ita a Turanci *knock-off* ce, kayan da ya ɗauki siffar wani ba lallai ya saci tambarinsa ba. Ki kuma lura cewa a Turancin kasuwar Guangzhou, da namu na kasuwar waya ma, idan aka ce "original or copy" to *copy* jabu ake nufi. A ofis kuwa "send me a copy" magana ce wankakkiya. Wanda ya koyi Turancinsa a kasuwa yakan ɗan razana da farko.

Kalmar *jiǎ* 假 ita ma ɗaya ce tana aikin biyar. Da ita suke faɗin jabun kuɗi, da haƙoran roba, da furen roba, da ƙafar roba, da labarin ƙarya. Ƙamus ya ce musu *fake*, sai su ce "fake leg" ga mutumin da ya rasa ƙafa a haɗari. Turanci yana cewa *counterfeit money*, *false teeth*, *artificial flowers*, *artificial leg*, *fake news*, sai kuma *imitation leather* ga ledar da aka yi mai kama da fata aka kuma faɗa. Waɗannan ba su da wata doka da za ki ba su, haddace su ake yi bibbiyu, sifa da sunan da take bi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta magani. Maganin da wani kamfani ya yi bisa ƙa'ida bayan haƙƙin mallakar na farko ya ƙare, Sinawa suna kiransa *fǎngzhìyào* 仿制药, kalma bayan kalma "maganin da aka kwaikwaya". Na taɓa samun ɗaliba mai aiki a kamfanin magunguna da ta rubuta wa abokin ciniki cewa kamfaninsu yana yin "imitation drugs". A kunnen ɗan Najeriya, da irin abin da jabun magani ya yi mana, ta ce masa su masu laifi ne. Kalmar ita ce *generic*, kuma ba ta cikin jerin kalmomin kamanni da za ki samu a littafin darasi, sai ke kin kawo ta da kanki.

Furuci ba zan tsawaita ba. Harafin *s* na cikin *resemble* sautin *z* yake bayarwa, wanda babu shi a Sinancin Mandarin, sai kin yi musu atisaye da shi. Ƙarshen *counterfeit* "fit" ake faɗa. Nauyin *replica* a gaɓar farko yake, *facsimile* kuma gaɓa huɗu ce, daga ita aka gutsuro *fax*.

Idan ni ne ke, darasi uku zan raba shi, kuma a na ukun ba zan rubuta komai a allo ba. Zan zo da jaka: makulli biyu na ƙofa ɗaya, furen roba, hoton tagwaye, hoton uwa da 'yarta, kwalin magani na kamfanin asali da na *generic*, cajar waya mai tambarin da aka sauya wa harafi ɗaya, da ƙyalle biyu masu launi kusan ɗaya. Kowa ya zaro abu, ya faɗi jimla, sauran su ce sun yarda ko ba su yarda ba, da dalilinsu. Ƙyallen nan biyu ki ajiye su zuwa ƙarshe, ki miƙa wa wanda ke kula da ingancin kaya a masana'antar, ki ce ya rubuta miki layi ɗaya da zai sa a takardar oda idan yana so a kawo masa irin na hannun damansa ba na hagu ba. Abin da ya rubuta ki turo mini, mu duba tare.